Kwamfuta a Kicin: Tabilet, Ƙaramin Akwati a Kabad, ko Allon da ke Magana?

Wayoyi uku Yaya ta kashe cikin shekara biyu, kuma duk a wuri ɗaya suka gamu da ajalinsu: kan kantar kicin, jingine da gwangwanin Nido. Ta farko cikin ƙullun masa ta faɗa. Ta biyu zafi ne ya kumbura mata batir har murfin bayanta ya ɗage. Ta uku daina karɓar caji ta yi kawai, da na sa tsinke a ramin cajarta sai na zaƙulo wani baƙin abu mai danƙo, kai ka ce daddawa.

Yaya a Makka take, ta wajen Shara Mansur, girki ne kuma sana'arta. Masa, tuwon shinkafa da miyar taushe, funkaso, dambun nama, duk abin da mutanenmu ke marmari idan kabsa da mandi sun gundure su. Yau suna, gobe walima, jibi saukar baƙi 'yan Umara. Wayar nan ita ce littafin da take rubuta odar mutane, ita ce rediyonta, ita ce agogon da ke tuna mata ta ɗora shinkafa, da ita kuma take ganin jikokinta na Kano ta IMO tana tuƙa tuwo. Ni ina Jidda, aikina ja wa gidaje da shaguna wayar intanet da kafa kyamarorin tsaro. Don haka duk abin da ke cin wuta a danginmu, idan ya lalace ni ake nema.

"Ƙanena, ba kai ne injiniyan ba? Ka zo ka gina min kwamfuta a jikin kicin ɗin nan, wadda ba za ta faɗa miya ba."

"Yaya, ginawa ba wuya. Raya ta ne aiki."

Tun daga lokacin na gwada hanyoyi uku a kicin ɗinta da nawa, na kuma ga wasu a gidajen da nake shiga aiki. Mai tunanin yin irin wannan a Makka, Jidda ko Madina, ga abin da idona ya gani, har da inda na yi ɓarna da hannuna.

Wata bakwai a saman kabad

Akwai wata tsohuwar kwamfutar ofis mai babban akwati da ke ajiye a ɗakina. Na ce abin nema ya samu. Na ɗora ta can saman kabad inda ruwa ba zai kai ba, na sauko da waya ta baya zuwa allo mai inci 19 da na ɗaure a bango. Ranar har maƙwabta Yaya ta kira su zo su gani.

Wata bakwai ta yi. Ta fara da gurnani kamar tsohon injin markaɗe, daga baya ta riƙa kashe kanta ana tsaka da sauraron tafsiri. Da na sauko da ita na kwance murfin, sai na tarar da fankar ciki kamar an tsoma ta a manja an barbaɗa mata ƙasa. Siraran ƙarafan da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfutar sun toshe ruf, iska ba ta da hanya. A lungun akwatin wuta kuma ƙananan kyankyasai sun kafa gari, ƙwansu da kwarkwatarsu, don ɗumi da duhu da maiƙo suka samu a wuri guda.

Ni ruwa nake ta gudu, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk lokacin da aka yi suya, mai yana tashi tare da tururi, ya bi iska ya sauka a kan komai. Shi ya sa saman firji ke danƙo ko ba a taɓa zuba masa komai ba. Kwamfuta mai fanka kuwa ba ta jira ya sauka, zuƙo shi take da kanta dare da rana. Mai ya kwanta, ƙurar Makka ta manne a kansa, wani man ya sake hawa. Ga shi iska mai zafi sama take yi, wato wurin da na zaɓa don tsira daga ruwa shi ne mafi zafi a ɗakin. Galibin kicin ɗinmu kuma babu na'urar sanyaya ɗaki, sai 'yar fankar zuƙe hayaƙi da muke kira shaffaɗ, a garin da zafin bazara kan haura digiri 45 tun ba a kunna murhu ko ɗaya ba.

Daga ranar, duk abin da aka kawo min aka ce a sa a kicin, tambaya uku nake masa. Yana da fanka? Yana da batir? Da me za a taɓa shi idan hannu duk ƙullu ne?

Tabilet

Kwamfutar allo, wato tabilet, wadda a nan ko ta wane kamfani ce "aifad" ake ce mata, ta tsallake tambayar farko ba gardama. Ba fanka, ba ramukan shan iska, fuskarta gilashi ne guda da tsumma zai goge. Ana samun maƙalin da ake ɗaurewa a ƙarƙashin kabad na sama a naɗe shi idan an gama, akwai kuma mai matse gefen kanta wanda ba sai an huda komai ba. Cikin rabin awa an kammala. Abin da ya fi wannan muhimmanci, duk abin da Yaya ta saba da shi a waya haka yake a nan, girma kawai ya ƙaru. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, ga tukunya huɗu a wuta, ba ta da lokacin koyon sabon tsari.

Rauninta batir ne. Batirin irin waɗannan na'urori abu biyu ke tsufar da shi da wuri: zafi, da zama cike taf kullum a jikin caja. Tabilet ɗin kicin kuwa duka biyun take haɗawa. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa iPad an yi shi ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, kicin ɗin da ake suyar funkaso da azahar a watan Yuli kuwa ya wuce nan. Idan ta ji zafi sai ta rage haskenta, ta dakatar da caji, wani lokacin ta rufe gaba ɗaya ta ce a bari ta huce. Idan aka daɗe a haka, batir ya kumbura ya turo gilashin waje. Wanda ya ga gilashin tasa ya fara ɗagowa ta gefe, ya zare ta daga wuta nan take. Kada ya danna don ya koma, kada kuma ya ce bari a sauke tukunya tukuna.

Akwai magani, kuma ba kuɗi yake ci ba. Tabilet ɗin Samsung suna da wurin da ake hana batir cika, ya tsaya a kashi 80 ko 85 cikin ɗari gwargwadon manhajar da ke kai. iPad Pro da iPad Air na 2024 su ma sun zo da iyakar kashi 80. A kunna wannan tun ranar farko. Wanda tasa ba ta da shi, ya sayi ɗan soket mai agogo ya saita shi yana ba da wuta awa biyu ko uku a rana. Akwai kuma jerin Galaxy Tab Active da aka ƙera don ma'aikatan rumbunan kaya da wuraren gini. Batirinta da hannu ake cirewa, kuma Active3 tana iya aiki da caja kaɗai babu batir a ciki. Ba ta da kyan gani, allonta inci 8 ne kacal, amma a kicin mai tsananin zafi ita ce mai jure wahala.

Tsakanin iPad da masu Android fa? iPad yakan daɗe yana samun sabuwar manhaja, kuma idan za a sayar yana riƙe daraja. Sai dai babu iPad ɗin da ke da shaidar jure ruwa. Galaxy Tab S9 da ƙanwarta S9 FE, na 2023, suna da lambar IP68: shidan na nufin ƙura ba ta shiga, takwas ɗin na nufin tana jure nutsewa a ruwa. Amma fa da ruwa mai tsabta aka gwada, ba da miyar kuka mai tafasa ba, kuma garantin shekara biyu da ake bayarwa a kan kayan lantarki a ƙasar nan ba ya biyan ɓarnar da ruwa ya yi.

Abin da ya karkatar da ni zuwa Android harshenmu ne. Madannan rubutu na Google, wato Gboard, suna da ƙ da ɗ da ɓ, kuma a ƙarshen 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake iya yin bincike ko rubutu da murya. Yaya takan danna alamar makirfo da gaɓar yatsa ta ce "yadda ake alkaki", bidiyo ya fito. Ba kullum yake gane ta ba. Hausar da ta yi shekara talatin tana cuɗanya da Larabcin Hijaz ba ta littafi ba ce. Idan ta ce "kilo biyu na dagig", tana nufin fulawa, sai ya rubuta abin da ya ga dama. Duk da haka ya rage mata wanke hannu sau ashirin. WhatsApp kuma yana yarda a haɗa lamba ɗaya da ƙarin na'urori har huɗu, don haka odar mutane na shigowa a bango, waya tana can ɗaki lafiya lau. iPad sai a watan Mayun 2025 ya samu manhajar WhatsApp tasa, amma yanzu shi ma yana yi.

Abu ɗaya da zai ba ka haushi: gilashin taɓawa ba ya bambanta yatsa da ɗigon ruwa. Ɗigo ɗaya ya gangaro, sai ka ga bidiyo ya koma farko da kansa. Na ɗaure mata ɗan alƙalamin taɓa allo mai araha da zaren buhu a jikin maƙalin, na kuma manna gilashin kariya a fuskar. Shawarata a nan, kada a sayi mai tsada don kicin. Matsakaiciya mai inci 10 ko 11, wadda ba ta da wurin sim, ta wadatar. Abin da za a rataye tsakanin mai da tururi, a saye shi da kuɗin da idan ya mutu ba za a yi zaman makoki ba.

Ƙaramin akwati da allo daban

Wannan ita ce hanyar da ta fi cancanta a ce mata gini, ita kuma na bi a gidana. Dabarar ita ce a raba ƙwaƙwalwa da fuska. Kwamfutar kanta akwati ne da bai fi tafin hannu biyu ba, irin wanda Intel ya yi suna da shi da sunan NUC kafin ya miƙa wa ASUS a 2023. Yanzu kasuwa cike take da ire-irensa, da yawa masu ƙwaƙwalwar Intel N100 wadda ba ta cin wutar kirki. Akwatin sai a ɓoye shi nesa da murhu, allo kaɗai ke fuskantar hayaƙi.

A nan ne ake zamewa. Galibin masu arahar suna da 'yar fanka a ciki, mai shago kuma zai ce maka ai ba ta ƙara. Ba ƙarar ce damuwarka ba. Nemi wanda babu fanka kwata-kwata, za ka gane shi da jikinsa: alminiyam ne mai tsaga-tsaga kamar matsefi, jikin ne ke fitar da zafin. Idan ka je shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid a Jidda, juya akwatin ka duba. Idan ka ga ramuka da wata 'yar farfela a bayansu, mayar masa. Mafi kyau ma, idan kicin ɗin na jingine da ɗakin ajiya ko baranda ta ciki, a ajiye akwatin can, a ratso da wayar HDMI ta gefen ƙofa. A haka ko mai fanka ne ya tsira.

Allo kuwa na kwamfuta ne na yau da kullum, inci 22 ko 24. Duba bayansa ka tabbatar akwai ramukan kusoshi huɗu na ma'aunin VESA, masu tazarar milimita 75 ko 100, don ya hau maƙalin bango. Shi ma yana da tsagogin iska a baya, mai zai shiga a hankali, amma tunda babu abin da ke zuƙo shi yakan daɗe, kuma canza allo kaɗai ya fi canza komai sauƙi. Babu batir a tsarin nan gaba ɗaya, wato ya tsallake tambaya ta biyu.

Me ake samu? Girma, da farko. Rubutun da ke kan inci 24 ana karanta shi daga wurin wanke-wanke ba tare da an matso ba. Ana raba fuskar biyu, gefe ɗaya sallar Harami kai tsaye, ɗaya gefen jerin cefane. Maiɗakina a kai take ganin wanda ke buga ƙofa ta kyamarar da na kafa, yara kuma a kai suke bitar karatu tana sa musu ido tana yanka albasa. Wanda ke lissafin ciniki a Excel, ko buga takardar da ake manna wa robar abinci, nan ne wurinsa. Yin wannan a tabilet wahala ce.

Inda ta gaza shi ne tambaya ta uku. Sai da madannai da linzami, madannai kuwa ba abin da suke so kamar garin fulawa. Nawa irin Logitech K400 ne mai wurin shafawa a gefe, kullum yana naɗe cikin ledar rufe abinci, ina canza ledar duk mako. Akwai allo mai taɓawa, amma kuɗinsa ya ɗara sosai, kuma Windows ba a yi shi don yatsa mai maiƙo ba, maɓallansa ƙanana ne. Kiran bidiyo sai ka sayi kyamara daban, lasifika daban, kowanne da wayarsa, kowace waya kuma matattarar danƙo ce. Sannan tana buƙatar mai kula. Ranar da Windows ya ga damar sabunta kansa ana saura minti goma a sha ruwa, dole a samu wanda ya san abin yi a gidan. A gidana akwai ni. A gidan Yaya kuwa, ina nesa da ita da tafiyar awa guda a mota.

Mai son sayen na hannu a Haraj, dandalin cinikin kayan hannu, ko kasuwar Sawarikh ta Jidda ya lura da abu ɗaya. Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ya hawa galibin kwamfutocin da ƙwaƙwalwarsu ta girmi zubi na takwas na Intel. Tsohuwa mai arahar banza sai dai a ɗora mata Linux Mint a madadin Windows, wanda ya isa kallon YouTube da sauraron BBC Hausa, amma wani sabon karatu ne ga mutanen gida.

Samari masu son ƙere-ƙere kullum Raspberry Pi suke kawo min. Kwamfuta ce mai girman katin banki daga Kambirij ta Ingila, kuma ina ƙaunarta. Pi 5 ta fito a Oktoban 2023 a kan dala 60 mai giga 4, dala 80 mai giga 8. Amma wannan kuɗin allon lantarkin ne tsirara. Kafin ka ƙara cajarta mai wat 27, da gidan da ake sa ta a ciki, da katin ajiya, da wayar allo ta musamman, ka kusa kuɗin ƙaramin akwatin da ya zo a haɗe. Tana zafi, idan ta kai digiri 80 sai ta fara rage gudu, masanyayinta na kamfani kuma fanka ce, sai ka nemi gidan alminiyam marar fanka. Babbar matsalar katin ajiyar: ba ya son a yanke masa wuta ba sallama. Iyayenmu mata kuwa kafin su kwanta sai sun bi kowane soket sun kashe, kuma ba ni zan hana su ba, don gaskiyarsu ce. Idan aiki ɗaya za a ba ta, misali ta riƙa nuna lokutan salla na kalandar Ummul Ƙura da agogon girki, tana yi da kyau. Idan kuwa don uwar gida ce ta yi harkokinta, a bar wa yaro abin wasansa.

Kuɗin wuta ba abin tayar da hankali ba ne. A kan halala 18 ake sayar wa gidaje kilowat ɗaya na awa, matuƙar ba a haura 6,000 a wata ba. Akwati mai cin wat 10, ko bai taɓa mutuwa ba, wajen kilowat 7 zai sha a wata, riyal ɗaya da 'yan halaloli ke nan kafin haraji. Tsohuwar kwamfutar ofis mai cin wat 100 za ta kai wajen riyal 13.

Tsohuwar laftof ba sai na ja magana ba. Tana da fanka, tana da batir, ga madannai a shimfiɗe suna jiran shayi ya zube, ga cin wurin yanka. Tambaya uku, faɗuwa uku. Idan ita kaɗai ke akwai, a ɗora ta a kujera a bakin ƙofar kicin, a ɗauke idan an gama.

Masu magana, da firji mai allo

A gidajen da nake aiki ina yawan ganin Echo Show 15 na Amazon, allo mai inci 15.6 da ake ratayewa kamar hoto. Gaskiya a wajen hannu mai ƙullu babu kamarsa. Ba fanka, ba batir, ba sai an taɓa ba: ka ce ya saita minti ashirin, ya saita. Tun Disamban 2021 Alexa, wato muryar da ke amsawa a cikinsa, ke jin Larabcin yankin Gulf a Saudiyya, tana faɗin lokacin salla, tana kunna karatun Alƙur'ani. Gidan da yara suka tashi da Larabci a baki zai ji daɗinsa.

Amma ba ta jin Hausa, kuma gida ne mai ƙofa a kulle: ba za ka sa IMO ko WhatsApp ba, sai abin da kamfanin ya yarda. Sai maganar da masu talla ba sa tayarwa. Kicin shi ne inda mace ke ajiye mayafi ta ɗaura zani yadda ta ga dama, nan ne kuma ake hirar da ba a yi a falo. Na'urar tana da kyamara, makirfonta kuma kullum a buɗe yake yana jiran a kira sunanta. Akwai murfin rufe kyamarar da maɓallin kashe makirfo, amma akwai kuma tsarin da ke ba wanda aka amince wa damar buɗe layi ba sai an amsa ba, idan an kunna shi. Da na yi wa Yaya bayani, ko ƙarasawa ban yi ba.

"Wato ina hira da Hajiya maƙwabciyata, wani abu a bango ya kasa kunne? A kai kasuwa, ƙanena."

Wannan tunanin ya shafi tabilet ma. Ɗan murfin kyamara mai zamewa ba ya kai kuɗin shayi, a manna shi.

Firji mai allo a ƙofa, irin Family Hub da Samsung ya fitar a 2016 da allo mai inci 21.5, a shago yana ɗaukar ido. Matsalata da shi, an ɗaura auren abu biyu da tsawon ransu ba ɗaya ba. Firji mai kyau yakan haura shekara goma yana aiki, allon kuwa tun kafin nan ya zama tsohon yayi, kuma ba za ka iya sake shi ka riƙe firjin ba. Wannan mafarkin ma ba yau aka fara shi ba. A 1969 wani kantin masu hali a Amurka, Neiman Marcus, ya tallata kwamfutar kicin ta Honeywell a kan dala 10,600, har da katakon yanka a jikinta, sai dai uwar gida za ta yi kwas na mako biyu kafin ta iya karanta fitilun da ke ba ta amsa.

Gidan da za a sa ta

Kafin ka zaɓi na'ura, dubi gidan. Yawancinmu haya muke, kuma huda tayil ɗin mai gida magana ce da za ta taso ranar tashi. Waɗanda suka bar unguwannin Karantina, Sabil ko Gulail na Jidda lokacin rusau na 2021 da 2022 sun san kayan da aka ɗauka da waɗanda aka bari a bango. Shi ya sa ko a gidana ban yanka ƙofar kabad na cusa allo a ciki ba, duk da ya fi kyan gani. Idan dole sai an huda, a huda a layin da ke tsakanin tayil biyu, ko a ɗaure a jikin kabad ɗin da kai ka saya.

Kabad ɗin alminiyam da suka cika gidajen nan suna da nasu sharrin: ƙarfe yana tare waifai. Ka sa akwati a ciki ka rufe ƙofa, intanet ya ɗauke, ka buɗe ya dawo. Kwana biyu na yi ina zargin kamfanin intanet kafin na gane. Maganinsa a ja wayar intanet kai tsaye, ko a fito da eriya waje. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ma tana aiki ne a kusa da zangon 2.4 GHz da waifai ke bi, shi ya sa kira kan tsinke daidai lokacin da aka kunna ta. A koma zangon 5 GHz idan rauta, wato na'urar da ke raba waifai, na kusa, don shi kuma ba ya ratsa bangon bulo da kyau.

Kada a taɓa sa kwamfuta ko caja a kabad ɗin da tukunyar gas take, ko na ƙasa da ke gefensa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake taruwa. Kada kuma a haɗa ta a tausila ɗaya, wato jan wuta, da butar lantarki ko maikurowef. Fulogi mai ƙafa uku amfiya 13 ne iyakarsa, buta kaɗai ta kusa cinye shi. Tsofaffin gine-gine har yanzu akan tarar da soket mai 127 da mai 220 a ɗaki ɗaya, amma wannan bai cika shafar caja ba: karanta jikinta, in an rubuta 100 zuwa 240 da 50/60, ko'ina za ta yi, har Kano ranar da aka koma gida.

Wurin ratayewa: daidai idon mai girkin, ba naka ba. Na taɓa ɗaure allo daidai tsayina, Yaya ta wuni tana ɗaga kai kamar mai duban wata. Ya yi nesa da murhu da aƙalla mita ɗaya, kada ya zama a hanyar da hayaƙi ke bi zuwa shaffaɗ, kada kuma ya kalli taga. Wajen gogewa, tsumma mai laushi da ɗan ruwa, ko barasar goge na'ura mai kashi 70. Ban da kloreks, ban da maganin wanke murhu.

To, da za ka tsare ni ka ce in zaɓa maka: idan abin da ake so kallon girki ne, sauraron karatu, kiran gida da karɓar oda, kuma babu mai gyara a gidan, tabilet matsakaiciya mai Android da iyakar caji a kunne. Idan akwai lissafin ciniki, kyamarar ƙofa, yara masu karatu, da mutum ɗaya da ba ya tsoron waya, ƙaramin akwati marar fanka da allo daban. Ya fi tsada a farko, amma babu batirin da zai kumbura, kuma gaɓa-gaɓa ake canza shi. Allon da ke magana sai gidan da Larabci ya zauna a bakinsu kuma sun yarda da kunnen da ke bango.

A kicin ɗin Yaya yanzu tabilet ce mai inci 11, a maƙale ƙarƙashin kabad na ƙarshe kusa da ƙofa, da 'yar lasifikar Bluetooth a kan firji don ƙarar shaffaɗ da injin markaɗe na danne muryar jikoki. Ta shiga shekara ta biyu. Gilashin kariya sau ɗaya na canza, bayan ta nuna wa wata baƙuwa hoto da bakin ludayi. Gwangwanin Nidon yana nan a wurinsa, muciya da ludaya ke ciki.

Zuwana na ƙarshe, ina cin masa da miyar taushe a tsaye, ta ce tunda wannan ta yi, tana son wata a saman bene, inda take kafa manyan tukwane idan aikin biki ya zo. Na leƙa saman. Ba rufi, ba inuwa, ƙarfe biyu na rana, ƙasan har ƙona tafin ƙafa yake ta cikin silifa.

"Yaya, wannan kam sai dai rediyo."